Kwalaben Alkama da Hancin Baba

Litinin, 3 ga Faburairu

Yau dai na fara. Na jiƙa alkama tun jiya, na tafasa ta da safe har ta yi laushi amma ba ta fashe ba, na tsane ta a rariya, na zuba a kwalaben da na bi gida-gida ina roƙo. Kowane murfi na huda shi da ƙusa na cusa auduga. Daga nan sai tukunyar tururi, ta yi ta tsuwa har kunyar maƙwabta ta kama ni.

Laimar kwaɗi zan noma. Ko ni da na rubuta sai da na yi dariya. Irin wadda ake ci, fara, wadda manyan gidajen abinci ke saye. Mai iri, mutumin da ya koya min ta waya kuma ya sayar min da kwalba ɗaya ta iri, ya ce aikin duka abu biyu ne: ki kashe duk abin da ke da rai a cikin hatsin, sannan ki saka naki kafin wani ya riga ki.

Baba ne ya kai ni ga wannan sana'ar. Tun da mantuwa ta yi masa ƙarfi ba a barinsa shi kaɗai, shi ya sa na ajiye aikina na kantin magani. Yaya na so ya tafi da shi garinsu. Na ga ɗakin da suka tanada, can ƙuryar gida, taga ɗaya a sama, sakata ta waje. Shi da matarsa tun safe suke ficewa. Na ce ba da ni ba. Ya ce to Auta, me za ku ci? Na ce zan nemi sana'ar cikin gida. Ya ba ni zuwa ƙarshen Afrilu. Idan abin bai tsaya da ƙafarsa ba, Baba ya bi shi, ni in koma kanti.

Talata, 4 ga Faburairu

Shuka iri. Na share ɗakin ajiya na kusa da kicin, na wanke bango har sai da kafaɗata ta riƙe. Na kife wata babbar roba mai haske a kan tebur, na yanka mata ramuka biyu na zura hannu. Fanka a kashe, taga a rufe, takunkumi a fuska, sifirit mai kashe ƙwayoyin cuta a ko'ina. A gasa cokali a wuta, a bari ya huce, a buɗe kwalbar iri, a ɗebo, a zuba cikin ta alkama, a rufe. Ba numfashi mai ƙarfi, ba magana, ko tari sai a haɗiye. Gumi har cikin ido kuma ba damar sharewa.

Da na fito na tarar da Baba tsaye a kicin yana shinshina iska.

"Wa ya jiƙa hatsi a gidan nan?"

Mutumin da ya manta Mama ta rasu, wanda jiya ya tambaye ni ko ni baƙuwa ce. Amma hancin nan na nan daram. Duk ƙuruciyarsa da tsufansa a siton hatsi ya yi su, shi ke riƙe da makulli, shi ke soka hannu a buhu ya ce wannan da danshi, a fitar da shi rana. Na ce ba kowa, Baba, zo ka sha shayi.

Lahadi, 9 ga Faburairu

Fari ya fito! Ƙananan zare kamar yanar gizo, sun kama ƙwayoyin da ke kusa da irin. Na durƙusa gaban kantar da na jera kwalaben ina kallo kamar wata sakarya.

Asabar, 15 ga Faburairu

Kore. Funfuna kore shar a fiye da rabinsu, sauran kuma sun jiƙe suna tsami. Na tura wa mai iri hoto. Ya ce iska ce ta shiga, ko kuma hannuna. Hannuna! Ni da na yi shekaru ina wanke wa mutane ciwo a kanti ba wanda ya taɓa dawowa da ƙorafi. Na ce masa na gode, na kashe waya, na zage shi shi da kakanninsa a cikin zuciyata.

Na kwashe su na zubar can nesa da gida, don ya ce ko buɗe su aka yi a ɗaki ƙurar koren za ta zauna a bango.

Baba ya ci abinci sosai yau. Har waƙa ya yi a bakin ƙofa.

Laraba, 19 ga Faburairu

Zagaye na biyu. Na ƙara wa tukunya lokaci, na yi wanka kafin in shiga, na ɗaure kai da leda. Idan wannan ma ya lalace to ba hannuna ba ne, ni ce gaba ɗaya.

Talata, 25 ga Faburairu

Wasu sun yi fari, wasu sun fara kore ta sama. Ta sama, daidai ƙarƙashin murfi. Kuma murfi biyu a karkace na same su. Ni na san yadda nake murɗa murfi. Ko ban sani ba? Kwanakin nan ko gishiri sai in sa sau biyu.

Yaya ya kira. Ya ce ya gonar kwaɗi? Na ce lafiya lau. Ya yi dariyar nan tasa da ke sa in ji kamar in shiga wayar in shaƙe shi.

Talata, 4 ga Maris

Ban san ta ina zan fara ba.

Na fita wurin kafintan layinmu karɓo garin katako, shi za a cakuɗa da farar alkamar a zuba a leda idan ta gama kamawa. Ban daɗe ba, Baba na barci na fita. Na dawo na same shi a baranda da babban faranti a cinya. Kwalabena masu kyau, waɗanda suka yi fari fat, saura kaɗan in juye su, duk ya zazzage. Yana murje farin da tafin hannu, yana baza alkamar a rana, yana tsince ta ƙwaya-ƙwaya. Kwalaben a jere a gefe, a wanke, a kife.

Ya ɗago ya kalle ni, ba kallon uba ba, kallon mai sito ga lebura.

"Ke, wa ya koya miki rufe ɗanyen hatsi? Kullum sai na bi ina buɗe musu su sha iska. Dubi, har ya yi furfura."

Kullum. Ashe kullum.

Na yi masa ihu. Ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba sai yau, kuma na ɗaga har matar da ke zaune a saman benenmu ta leƙo. Bai tsorata ba, bai ma gane ba. Ya ce, "Kar ki damu, ba zan gaya wa manaja ba. Mun cece shi."

Abin da ya fi ci min rai, fuskarsa. Rabon da in gan shi da wannan hasken tun kafin rasuwar Mama. Bayansa a miƙe, hannunsa ba ya rawa. Na shiga banɗaki na kunna famfo na yi kuka.

Laraba, 5 ga Maris

Na zaunar da shi na yi masa bayani dalla-dalla. Baba, wannan farin ba ruɓa ba ne, shi nake nema. Shi ne zai sa ka zauna a nan tare da ni. Ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya yi miki albarka, Auta, har ya kira ni da sunana. Da la'asar na kama shi da hannu a kan ƙofar ɗakin ajiya.

Na sayo kwaɗo na datse.

Lahadi, 9 ga Maris

Zagaye na uku. Kwaɗo na aiki ne idan ina waje. Ina ciki, hannuwana biyu a cikin roba, kwalbar iri a buɗe, sai ƙofa ta bugu da bango. Baba, da mafici a hannu. Wai wurin ya yi zafi, hatsi zai gumu. Ya hau fifita.

Na rufe abin da zan iya rufewa.

Alhamis, 13 ga Maris

Ya ɗauko kujera ya kafa a bakin ɗakin ajiya. Nan yake wuni. Ba ya son cin abinci, wai hatsin mutane na ruɓewa a ciki kuma shi za a tambaya. Ya roƙe ni makulli kamar yaro, daga baya ya ce zai kai ni ƙara.

Na yi dabara, na jiƙa masa alkama tasa daban a faranti, na ce ga wannan, Baba, a shanya. Ya shanya, ya juya, ya ciza ƙwaya ɗaya ya ce ta bushe. Sai ya ɗaga hanci. "Saura na ciki."

Ba a yaudarar hancin nan.

Litinin, 17 ga Maris

Kore, dukkansu. Ban ma ɗauki hoto ba.

Irin da ya rage a kwalbar mai iri bai fi na zagaye ɗaya ba, kuma ya ce sabo sai wata mai zuwa. Idan na jira, Afrilu ta ƙare ban tsinki ko ɗaya ba.

Na gaji. Ba gajiyar jiki ba. Ina dafa alkama mai kyau da mutum zai ci ya ƙoshi, ina ciyar da funfuna, ina wanke kwalba, ina sake dafawa. Wani lokaci sai in ga kamar tun farko Yaya ya san haka za ta kasance, ya ba ni wata uku ne don in gaji da kaina.

Alhamis, 20 ga Maris

Kafinta ya zo da kayan aikinsa. Na nuna masa ƙofar ɗakin Baba. Ya daidaita sakatar ta ciki, na ce a'a, ta nan.

"Ta waje, Anti?"

Na ce na ɗan lokaci ne, idan ina aiki. Da ya gama ya ƙi karɓar komai, ya gaida Baba har ƙasa ya tafi. Da ma ya karɓa, da na fi jin daɗi.

Ba irin ta gidan Yaya ba ce. Ina gida, ina jin motsinsa. Ba iri ɗaya ba ne.

Asabar, 22 ga Maris

Zagaye na huɗu, na ƙarshe. Na ba Baba shayi, na kunna masa rediyo, na ja ƙofa, na tura sakata a hankali don kada ya ji. Ya ji.

Yana bugu ina ɗebo iri. Yana kiran sunan Mama ina gasa cokali. Hannuna bai yi rawa ba, wannan ne ya ba ni tsoro. Na yi aikin tsaf, ban taɓa yinsa da kyau kamar yau ba.

Da na buɗe masa yana zaune a ƙasa, ya jiƙa wandonsa. Na wanke shi, na canza masa. Zuwa azahar ya manta. Ni ce dai ban manta ba.

Juma'a, 28 ga Maris

Fari a kowace kwalba. Ko ɗigon kore babu. Na jijjiga su don farin ya bazu, yadda mai iri ya ce. Ban ji komai ba, ko murna.

Talata, 1 ga Afrilu

Na rufe Baba sau biyu yau. Na farko don in ɗebi fari daga kwalba mai kyau in shuka a sabuwar alkama, in samu irin kaina. Na biyu kuwa kasuwa na je. Na ce ai gara haka da in dawo in tarar ya ɓalle kwaɗo.

Ya daina bugu sosai. Yana ɗan ƙwanƙwasawa ne kawai, kamar baƙo.

Asabar, 5 ga Afrilu

Ranar ledoji. Na turara garin katako da dusa tun jiya, ya huce. Aikin na da tsawo: a farfasa farar alkama, a cakuɗa, a cusa a leda, a matse, a ɗaure baki. Ƙamshin jiƙaƙƙen hatsi ya cika gidan, ni kaina ina jinsa ta cikin takunkumi, balle shi.

Na kusa gamawa, Baba na kulle a ɗakinsa, na ji ƙarar gilashi. Saura leda uku. Zan rubuta gaskiya tunda ba mai karantawa: sai da na ɗaure ukun nan.

Tagar ɗakinsa ya buga da hannu. Tafin ya tsage, jini har gwiwar hannu. Yana tsaye yana kallonsa kamar hannun wani. Na wanke, na ɗaure, na kai shi asibiti aka ɗinke. Ma'aikaciyar jinyar ta tambayi yadda aka yi, na ce faɗuwa ya yi. A hanya cikin mota ya kwantar da kai a kafaɗata ya ce, "Yarinya, ki gaya musu su bar ni in yi aikina."

Lahadi, 6 ga Afrilu

Yaya ya zo, matar sama ce ta kira shi. Ya duba hannun Baba, ya duba tagar, sannan ya tsaya gaban ƙofar yana kallon sakata. Ya tura ta, ya jawo ta, ya sake turawa. Na jira faɗa. Na ma shirya amsa.

Cewa ya yi, "Nawa ɗakin akwai mai kula a ciki, Auta."

Shi ke nan. Bai ƙara ba, kuma da mari ya yi min da ya fi sauƙi.

Mun tsaya a kan Baba zai bi shi na sati biyu, hannu ya warke, ni kuma in ƙarasa. Wa'adinmu na nan yadda yake. Na haɗa masa kaya, magungunansa, hularsa mai laushi. Ya shiga mota ba gardama, a zatonsa sito za a kai shi. Har ya ce min in kula da ƙofa.

Asabar, 12 ga Afrilu

Gidan shiru. Ina dafa abincin mutum biyu in zubar da rabi.

Na cire kwaɗon ɗakin ajiya, ba amfaninsa. Ledoji sun fara fari daga sama zuwa ƙasa. Sabbin kwalabe ma lafiya.

Na kira. Mai kula, wani mutum mai sanyin murya, ya kara masa waya a kunne. Na ce Baba, Auta ce. Ya ce to, a gaishe ta.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Na yi barci har hantsi. Na tashi a firgice na ruga ɗakinsa, sai na tuna. Na koma na kwanta.

Laraba, 23 ga Afrilu

Sati biyu sun wuce, Yaya bai yi zancen ba, ni ma ban yi ba. An warware ɗinki, in ji shi. Baba ba ya cin abinci sai an matsa, yana zama bakin ƙofa da takalmi a ƙafa.

Na tsaga ledojin da reza, ina fesa musu ruwa safe da yamma. Na kwashe wasu na kai ɗakin Baba, ya fi sanyi kuma ga tagar da ta fashe tana shigo da iska. Na ɗan matsar da gadonsa jikin bango. Na ɗan lokaci ne.

Asabar, 26 ga Afrilu

Sun fito. Ƙananan kawuna cunkus a bakin kowace tsaga, da safe kamar kan ashana, da yamma sun kai yatsa. Wata uku ina jiran wannan ranar. Na tsaya a tsakiyar ɗaki ina neman wanda zan nuna wa.

Litinin, 28 ga Afrilu

Na tsinka na kai wa kukun wani gidan abinci da mai iri ya haɗa ni da shi. Ya juya ɗaya a hannu, ya shinshina, ya ce yana so. Amma kowane sati, ba fashi. Ya ce masu kawowa sun sha yi masa haka, sati biyu a gan su, na uku a ce gona ta lalace. Idan na yi fashi sau ɗaya ya nemi wani. Na ce ba zan yi ba.

Kowane sati na nufin kullum akwai alkama a jiƙe, kullum akwai kwalba a buɗe a cikin roba. Na yi wannan tunanin a mota, sai na mai da hankalina kan titi.

Laraba, 30 ga Afrilu

Yaya ya kira da hantsi, ina tsane alkama. Ya ce ya ga hotunan da na tura masa, ya sara min, bai taɓa zaton kwaɗin nan za su yi ba. Ya ce alkawari alkawari ne. Kuma gaskiya Baba ba ya jin daɗin can, ya rame, jiya wai ya kira sunana har sau biyu, mai kula ne ya gaya masa.

"In kawo shi ranar Asabar?"

Na kalli rariya. Ranar Asabar nake shuka.

Na ce Yaya, a ɗan bari wannan zagayen ya kama tukuna. Ga tagar ma ba a gyara ba, ga ɗakin da danshi, kada sanyi ya kama shi. Ya ce to wace Asabar ɗin? Na ce zan kira ka.

Duk abin da na faɗa gaskiya ne, tagar ba a gyara ba.

Alkamar yau ta yi kyau, ko ɗaya ba ta fashe ba. Kwalabe sun yi min kaɗan. Gobe in tambayi kafinta ko zai buga min kantoci a ɗakin Baba, dogaye, daga bango zuwa bango. Gadon ana iya naɗe shi.